Mai-Fenti da Yaran Gidan Bulo

Shekara goma sha ɗaya Mai-Fenti ya yi yana rubuta allunan shaguna kafin ya iya karanta ko ɗaya daga cikinsu, kuma ba wanda ya sani. Mai shago zai kawo masa takarda, ya ƙura mata ido kamar mai karantawa, ya gyaɗa kai, sannan ya kwaikwayi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya yadda ake kwaikwayon zanen fure. Hannunsa kuwa ba a magana. In ya ja layi da buroshi sai ka rantse da ma'auni aka ja shi. Rabin allunan layin kasuwa aikinsa ne, daga na tela har na mai gyaran rediyo.

A kan allon wani mai aski asirinsa ya tonu. Mutumin ya rubuto sunan shagonsa a takarda, a ƙasa kuma ya ƙara ɗan saƙo. Mai-Fenti bai san inda suna ya ƙare saƙo ya fara ba, sai ya zauna ya kwashe komai ya zuba a allo, har da ado a gefe. Da aka kafa allon, sai ga shi da manyan baƙaƙe: SHAGON ASKI NA ZAMANI, KA RUBUTA DA JA KUMA KA YI SAURI. Ranar har mai nama sai da ya bar teburinsa ya zo kallo. Aka yi ta dariya, wasu har da riƙe ciki, kuma daga nan abokansa suka laƙa masa suna Ka-Yi-Sauri.

Ya koma gida tun rana ba ta raba ba, ya zauna a bakin gado ko takalmi bai cire ba. Matarsa ta riga ta ji labari wajen maƙwabta. Ita ta yi aji huɗu a makaranta kafin a cire ta, kuma ta daɗe da zargin abin, kunya ce ta hana ta tambaya. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ba shi haƙuri ba. Ta ciro tsohuwar kalanda daga bango, ta juya bayanta, ta miƙa masa fensir.

"Maigida, rufe ƙofar nan," in ji ta. "Ba wanda zai ji a bakina."

Yana da shekara talatin a lokacin. Wata takwas suka yi kullum da safe kafin ya fita, tana nuna masa yana maimaitawa, wani lokaci ya yi fushi ya jefar da fensir, ta ɗauko ta sake miƙa masa. Ranar da ya fara bin layin kasuwa yana karanta allunan da shi da kansa ya rubuta, sai ya ga kurakurai har bakwai waɗanda masu shagunan ne suka kawo su haka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya gyara.

Haka ya ci gaba da sana'arsa har ya aurar da 'ya'yansa mata uku, ɗansa namiji kuma ya tafi aikin walda wani gari. Yana dab da sittin hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko kaɗan ne, in ya danne gwiwar hannun da ɗaya hannun sai ta lafa. Daga baya layin da yake ja ya koma kamar sawun tsutsa. Likita ya ce abin ba ya warkewa, sai dai a rage. Ga shi kuma injin buga alluna ya shigo gari, yana yi cikin awa ɗaya abin da shi yake kwana uku a kai. Ya wanke buroshinsa da kananzir, ya jera su a gwangwani, ya zauna a gida yana damun matarsa da tambayar me ya sa ta ajiye wannan a nan ba can ba.

Aikin ƙarshe da aka kira shi a wani gidan bulo ne a bayan gari, tafiyar minti arba'in a ƙafa. Fili ne babba da aka kewaye da waya. A tsakiya akwai ramin da ake haƙar yumɓu, ruwa ya kwanta a ƙasansa, gefe ga ɗanyen bulo an shanya layi-layi, can kuma ga wurin gashi yana tashin hayaƙi. Ma'aikatan duk 'yan ci-rani ne. Da ruwa ya ɗauke suke zuwa da iyalansu daga garuruwa masu nisa, su gina 'yan ɗakuna da ɗanyen bulo su rufe da leda da tsohon kwano, in damina ta kawo kai su kwashe su koma. Maza na haƙa da kwaɓi da bugu, mata na ɗauka, yara kuma su ke juya bulon da aka shanya, domin ƙafarsu ba ta da nauyi, suna bi tsakanin layuka ba su fasa komai ba.

Helma, wato shugaban ma'aikatan, wani gajere mai ƙatuwar murya, shi ya ce a rubuta allo a kafa a bakin ramin. Mai-Fenti ya durƙusa yana fama da hannunsa, yara suka zagaye shi, duk jikinsu ya yi ja da ƙasa. A cikinsu akwai wata yarinya 'yar shekara kamar goma da ake kira Barkono, goye da ƙaninta, bakinta ba ya shiru.

"Baba, wannan zanen mene ne?"

"Ba zane ba ne, magana ce."

"To me ta ce?"

Ya bi da yatsa ya karanta mata: "An hana yara wasa a bakin rami."

Ta kalli allon, ta kalli sauran yaran, sai ta kwashe da dariya. "Mu aka rubuta wa ke nan? Ai duk nan ba yaron da ya iya karatu. Ko dai ramin ne zai karanta mana?"

Mai-Fenti ya ƙarasa aikinsa ya kama hanya, amma maganar ta bi shi har gida. Washegari ya tashi da wuri, ya zuba gawayi a leda, ya ɗauki wani guntun katako da ya shafa wa farin fenti.

"Ina zuwa kuma?" in ji matarsa.

"Gidan bulo. Akwai abin da ban ƙarasa ba."

Ya sami helma ya gaya masa buƙatarsa: awa ɗaya kawai da tsakar rana, lokacin da zafi ke tsayar da aiki. Helma ya dube shi sama da ƙasa. "Dattijo, in dai ba za ka taɓa mini lokacin aiki ba, ka koya musu ko waƙa ce. Amma ka sani, waɗannan yaran ba sa zama."

Ranar farko yara shida suka zo, uku daga ciki don su ga yadda hannunsa ke rawa. Ya bar su suka kalla har suka gaji. Da gawayi ya ƙi zama a hannunsa, sai ya ɗebo ɗanyen yumɓu ya shimfiɗa a ƙasa, ya ba kowa ƙusa. Yumɓu suka sani tun suna rarrafe, ba sa jin tsoronsa kamar takarda. In ka yi kuskure ka shafe da babban yatsa ka sake. Kafin sati biyu yaran sun kai ashirin. Wasu ma harshensu daban ne, sai Barkono ta riƙa fassara musu, tana ƙarawa da nata. Ita ce ta fara haɗa baƙaƙe huɗu suka zama kalma. Ta rubuta "rana", ta ɗaga kai ta kalli sama, ta sake kallon yumɓun, sai ta yi shiru, abin da ba a taɓa gani ba.

Wannan kalmar ce ta jawo masa kora. Barkono ta ji daɗinta har ta kasa haƙuri, duk bulon da ta juya sai ta zana masa ita da ƙusa. Ba wanda ya lura, aka gasa, aka loda a mota aka kai wa wani mai gini. Kafin la'asar mutumin ya dawo da motar cike, yana ta kumfar baki, wai an yi masa asiri a bulo don kada gidansa ya zaunu. Helma ya yi ta rantsuwa yana ba da haƙuri, sannan ya juyo kan Mai-Fenti a gaban kowa.

"Ka ga abin da karatunka ya haifar? Daga yau kada in sake ganin ƙafarka a cikin wayar nan!"

Uban Barkono, wani dogo mai buga bulo da ba ya yawan magana, ya kama hannun 'yarsa ya ja ta ɗaki. Mai-Fenti ya tattara katakonsa ya fita, kunnuwansa na zafi kamar ranar allon mai aski.

A gida ya ba matarsa labari. Ta yi dariya har da hawaye a kan maganar asirin, sannan ta goge ido ta tambaye shi, "Me ya ce daidai? A cikin waya?"

"A cikin waya."

"To wajen waya ma nasa ne?"

Akwai wata bishiya a bakin hanya, taku kamar talatin daga ƙofar gidan bulon. Washegari can ya je ya jingina katakonsa, ya zauna a kan dutse. Ba wanda ya zo. Ya zauna awarsa guda cif, ya tashi ya koma. Haka ya yi kwana tara. Direbobin da ke shiga da fita suka fara yi masa ba'a, wani ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, yau ma ɗalibai sun yi yaji?" Ya ce, "Suna hanya." Helma kan tsaya a ƙofa ya harare shi, shi kuwa ya ɗaga masa hannu ya gaishe shi da aiki.

A rana ta goma sai ga uwar Barkono ta fito, tana tafe da ƙyar saboda ciki, yara bakwai na biye da ita, da wasu mata biyu. Ta tsaya nesa kaɗan ta gaishe shi.

"Baba, mun yi shawara mu mata. Awar hutun nan tamu ce, ba ta helma ba. In bulo ya rage ba a juya ba, mu za mu juya. Ni dai abin da nake so, wannan mai bakin ta iya karanta allon mota, don bana da muka taho sai da muka shiga motar wani gari daban, muka kwana biyu a hanya da yara."

Helma ya yi faɗansa ya gaji. Da ya ga aikin bai ragu ba, sai ya kawar da kai. Aka ci gaba a gindin bishiya har hadari ya fara haɗuwa. Cikin kwana uku gidan bulo ya watse, aka bar ɗakuna ba rufi, ruwa ya narkar da su. Yara ashirin da biyu suka tafi, goma sha huɗu a cikinsu sun iya rubuta sunansu da karanta gajerun kalmomi. Mai-Fenti ya yi daminarsa cikin farin ciki, yana tsara inda za su ɗora.

Da rani ya dawo, ya je tun ranar da motocin farko suka sauke mutane. Ya yi ta duba fuskoki. A cikin ashirin da biyun nan huɗu kaɗai suka dawo. Sauran iyayensu sun bi aiki wasu wurare, har da gidan su Barkono. Ya zaunar da huɗun ya ba su ƙusa. Ɗaya ya tuna baƙi uku. Ɗaya ta rubuta sunanta a juye. Biyu kuwa suka dube shi kamar ba su taɓa ganin abin ba.

Wannan ya fi korar helma yi masa ciwo. Ya koma gida ya kwanta da rana tsaka, ya juya fuska bango.

"Aikin banza na yi," ya ce. "Wata biyar ina zubawa, wata bakwai ya kwashe."

Matarsa na tsintar shinkafa a tire, ba ta ko ɗago ba. "Me suka tafi da shi a hannu?"

"Kamar yaya?"

"Kai da na koya maka, kalandar nan a aljihu kake yawo da ita har ta yage. Su me ka ba su? Yumɓu? Ka koya wa yaro abu a ƙasa, ya tashi ya bar ƙasar a nan."

Ya juyo ya dube ta. Sannan ya tashi zaune ya nemi takalminsa.

Daga wannan shekarar ya sauya komai. Ya bi wuraren gini yana roƙon buhunan siminti na takarda, ya ɓare na ciki mai tsabta, ya yanka daidai tafin hannu biyu. Matarsa ta ɗinke su da zare mai kauri, shafi ashirin-ashirin. Da yake hannunsa ba ya iya ƙananan rubutu, sai ya yanka baƙaƙe a jikin gwangwani, ya riƙa ɗorawa yana shafa fenti da soso. Ya daina bin baƙaƙe a jere tun daga farko, domin ba shi da wannan lokacin. Da sunan yaro yake farawa, sai sunan uwarsa, sai garinsu, sai abin da ke rubuce a jikin mota da buhu da kwalbar magani. Duk yaron da ya iya shafi biyar sai ya haɗa shi da ƙaramin yaro ya ce, "Wannan naka ne. In bai iya ba, kai zan tambaya." Yaran suka ɗauki abin da zafi, har ana dambe a kan wane ne ɗalibin wane.

Sai kuma ya yi tunanin inda suke komawa. Wasu garuruwan akwai makaranta, amma ba a karɓar yaron da ya zo tsakiyar shekara ba takarda. Ya shirya ya tafi makarantar firamare da ke kusa ya nemi ganin hedimasta. Mutumin ba mugu ba ne, aiki ne ya yi masa yawa, aji ɗaya yara tamanin. Ya saurare shi a tsaye ya ce, "Baba, yaran da ba sa cikin rajistata, da wane baki zan ce na san su?"

"Ka zo ka gan su, sai ka san su."

"In na sami sarari."

Mai-Fenti ya mayar da benci na ƙofar ofishin wurin zamansa duk ranar Laraba. Ba ya roƙo, ba ya faɗa, gaisuwa kawai yake yi ya ce yana nan. Malamai suka saba da shi har suna tambayarsa in ya makara. A zuwa na goma sha ɗaya hedimasta ya fito ya gan shi, ya dafe kai, ya ce, "Wallahi Baba ka fi sufeto naci. Tashi mu je." Ya ɗauke shi a babur. A gindin bishiya ya zaɓi yara da kansa, ya rubuta musu kalmomin da ba sa cikin littafin buhu. Wani yaro mai in'ina ya karanta "makaranta" a hankali, guntu-guntu, har ya kai ƙarshe. Hedimasta ya cire gilashinsa ya goge. Tun daga lokacin, duk ƙarshen rani yakan zo ya gwada su, ya rubuta wa kowa 'yar takarda mai hatimi da ke nuna inda ya kai. Ba kowace makaranta ke kallon takardar ba, amma wasu suna kallo.

A rani na huɗu gidan su Barkono suka dawo. Ta yi tsawo, ta fara jin kunya, amma bakin yana nan. Ta zo gindin bishiya da ƙannenta biyu, ta tura su gaba ta ce, "Malam, gwada su." Ya gwada. Sun san baƙaƙe goma sha biyu, daidai waɗanda ita ta tafi da su, ba ƙari ba ragi. Da tsinke ta koya musu a wani gidan bulon.

"Sauran fa?" ya tambaye ta.

"Sauran ai ba ka ba ni ba. Su na zo karɓa."

Cikin wata biyar ɗin nan ta cinye littafin buhu, ta koma karanta tsofaffin jaridun da yake kawowa. Ranar da za su tafi ubanta ya zo da kansa, ya tsaya yana murza hularsa, ya ce, "Malam, mun gode." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya ajiye masa wani ɗan benci da ya haɗa da katakon akwatin bulo, don ya daina zama a kan dutse.

Shekara tara Mai-Fenti ya yi a gindin bishiyar nan. Bai taɓa sanin yawan waɗanda karatun ya zauna musu ba, domin mafi yawansu ba ya sake ganinsu. In an tambaye shi sai ya ce shi nasa shi ne wata biyar, kuma ba ya barin kwana ɗaya a ciki ya tafi a banza.

A shekara ta goma yumɓun ramin ya ƙare. Mai wurin ya sayi wani fili can gaba, inda ƙafa ba ta kaiwa a dawo a wuni ɗaya. Helma da kansa ya zo gida ya gaya masa, yanzu shi ma furfura ta cika masa gemu. Ya zauna a tabarma ya sha ruwa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Dattijo, ka yi iyakar yinka. Ka huta haka nan."

"Akwai yara a can?"

"Sun fi na nan yawa."

"Akwai inda mutum zai shimfiɗa tabarma?"

Helma ya kalli matar gidan, yana neman ta taya shi. Ita kuwa ta ce, "Kada ka dube ni. Ni na fi ka sanin taurin kansa." 'Ya'yansa mata suka zo suka yi ta magana, babbar har da kuka, wai me mutane za su ce, tsoho da rawar hannu ya koma ci-rani. Ya saurare su duka, ya yarda da sharaɗi biyu: kwana huɗu kawai zai riƙa yi a can ya dawo gida, kuma ba zai manta da maganinsa ba.

Da sassafe ya hau gaban motar da ke kai itacen gashi, buhun littattafai a cinyarsa. Sabon filin fetal yake, ko inuwar kara babu. Ma'aikata na ta gina ɗakunansu, yara na yawo tsakanin kaya, kusan duk baƙin fuska. Ya sauka ya zagaya wurin sau biyu yana duba inda rana ke bi. Sannan ya je wajen wasu magidanta uku da ke kwaɓa ƙasa, ya gaishe su, ya gaya musu ko shi wane ne da abin da ya kawo shi, ya ce yana buƙatar bango ɗaya, tsawon mutum, ta ɓangaren yamma, da leda a sama.

Suka dubi juna. Babbansu ya ce sai sun gama nasu ɗakunan tukuna, wataƙila jibi.

"Jibi ya yi," in ji Mai-Fenti. "Yau da gobe ma yi a inuwar motar can kafin ta tafi. Cikinku wa ke da yara? Ku turo mini su."